Yadda Ake Kai Kare Mai Tsoro Ko Mai Cizo Wurin Likitan Dabbobi

A nan Gadarif ta gabashin Sudan, yawancin mutanenmu ba don sha'awa suke ajiye kare ba. Gadin gona ne idan dawa da riɗi sun nuna, ko gadin garken tumaki a bayan gari. Irin wannan kare bai taɓa shiga rakasha (babur mai ƙafa uku) ba, bai san igiya a wuya ba, kuma ba mai taɓa shi sai mai shi. Ranar da ya ji ciwo aka ce a kai shi wurin baitari, wato likitan dabbobi, nan ake yin ta. Na ga an jawo kare a ƙasa, mutum uku sun danne shi, wani na ɗaga sanda. Abin yana taɓa mini zuciya, domin mafi yawan karnukan da ke kai cizo a asibiti ba mugunta ba ce, tsoro ne da zafin ciwo.

Kafin komai, ka tabbatar tsoron ne. Karen da ka sani da sanyin hali, dare ɗaya ya rikiɗe, yana dalalar da yawu, ya kasa haɗiya, muryarsa ta sauya, yana cizon itace da duwatsu, wannan ba na ɗauka a hannu ba ne. Alamun haukan kare ke nan, wanda ake kira sa'ar a nan. Rufe shi inda ba zai kai ga kowa ba, ka kira likita ya zo. Cutar tana nan a Sudan, kuma da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

In ba haka ba ne, aikin daga gida yake farawa, kwanaki kafin tafiya idan ciwon ba na gaggawa ba ne. Ka saba masa da takunkumi. Wanda ya fi shi ne mai kamar kwando, domin kare da haki yake sanyaya jikinsa, kuma a zafinmu da ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, rufe masa baki ruf na tsawon lokaci yana iya kashe shi. Sa ɗan yankan nama a cikin takunkumin, ka bar shi ya cusa bakinsa da kansa ya ɗauka. Yau haka, gobe haka, jibi ka ɗaure na ɗan lokaci ka kwance. Dafaffiyar hanta ta fi komai jan hankalinsu. Ban da agashe dai, gasasshen naman nan namu, komai son da kake masa: yaji ya yi yawa, albasa kuma guba ce ga kare.

Sannan ka yi wa likitan magana tun kafin ku je. Ka faɗa masa gaskiya: "Dakta, karen nan ya taɓa cizon mutum." Ba abin kunya ba ne, kuma da haka zai shirya. Yana iya ba ka maganin kwantar da hankali, irin su gabapentin ko trazodone, a ba shi kamar awa biyu kafin tafiya, gwargwadon nauyinsa. Kada ka ɗauko na mutane a gida ka gwada. Ibuprofen musamman yana lalata wa kare ciki da ƙoda.

Ku tafi da sassafe, da ɗan yunwa a cikinsa don naman ya yi tasiri. Mutum ɗaya da ya yarda da shi ya isa, yara su zauna a gida. Idan wurin da cunkoson jakuna da awaki, ku tsaya daga nesa a inuwa har a kira ku.

A ciki, idonka a kansa. Kare yana magana kafin ya ciji: ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, ya riƙa lasar baki ko hamma alhali ba barci yake ji ba, ya kau da kai farin idonsa ya fito. In ya sandare ƙam, to saura ƙiris. Gurnani kuwa gargaɗi ne, kada ka doke shi don ya yi. Karen da aka hana gurnani da duka, wata rana ba sallama zai kai hari. A dakata, a ja baya taki biyu, a bar shi ya huce. Kada a tsaya masa a ka, kada a zuba masa ido. A tsuguna ta gefensa. Babban kare a duba shi a ƙasa, ba sai an ɗora shi a tebur ba.

Riƙon kansa mai sauƙi ne: hannu ɗaya ta ƙarƙashin wuyansa ka jawo kansa jikin kafaɗarka ba tare da shaƙewa ba, ɗayan ya zagaye cikinsa. Fuskarka nesa da bakinsa. Wasu na ƙyamar rungumar saboda tsarki, amma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, ka wanke hannunka kawai bayan an gama.

In babu takunkumi, dogon bandeji ya wadatar: a yi zarge, a tsaya ta bayansa a zura bakinsa cikin zargen, a ɗaure a sama, a gitta ta ƙasan haɓa, a ƙulle bayan kunnuwa. Na 'yan mintoci ne kawai, kuma ba a yi wa karen da ke amai ko numfashinsa ke sarƙewa. Idan duk da haka yana fizge-fizge har da fitsari, ka roƙi a yi masa allurar barci ko a ɗage zuwa wata rana. Kokawar yau ita ce za ta sa zuwa na gaba ya gagara.

Idan tsautsayi ya sa ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, a wuce asibiti a ranar, a kuma killace karen kwana 10 ana lura da shi. Kafin ku baro wurin likita, tambayi rigakafin haukan kare. Ana fara shi tun ɗan kwikwiyo yana wata 3, kuma a rubuta maka ranar da za a maimaita.