Yadda Ake Tsara Kayan Lantarki da Cajinsu a Tafiyar Nutso Cikin Teku

Duk wanda zai yi tafiyar nutso a Bahar Maliya, ko daga Hurgada ko Marsa Alam a ƙasar Masar, musamman a irin jiragen ruwan da ake kwana cikinsu mako guda ba a taka tudu ba, zai tafi ne da na'urori masu yawa da ba sa aiki sai da batir: kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a wuyan hannu, tocilar ƙarƙashin ruwa, kyamara da fitilunta, da kuma wayar hannu. A irin waɗannan jiragen ana shiga ruwa sau uku ko huɗu a rana, na farko da sassafe, na ƙarshe bayan magariba, kuma tsakanin nutso da nutso akan sami hutun awa biyu zuwa uku. A wannan hutun ne ya kamata a yi caji, da rana, a wurin da ido ke kai, domin babu abin da ya fi haɗari a cikin jirgi kamar batirin da aka jona aka tafi barci.

Dalilin wannan tsanani sananne ne ga masu sana'ar. Ranar 2 ga Satumba 2019 gobara ta tashi cikin dare a jirgin masu nutso mai suna Conception, kusa da tsibirin Santa Cruz a gaɓar Kalifoniya, mutum 34 da ke barci a ɗakin ƙasa suka rasu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ba ta yanke hukunci kan ainihin abin da ya kunna wutar ba, amma ta sanya batiran da ake caji cikin abubuwan da ake zargi, ta kuma tabbatar da cewa babu mai sintiri a farke a daren. Tun daga lokacin jirage da dama suka hana caji a ɗakunan kwana, suka ware teburi ɗaya a fili domin wannan aiki, wasu ma suna kashe wutar teburin da dare. Batirin lithiyom idan ya lalace yakan yi zafin da ke ƙaruwa da kansa har ya kama da wuta, kuma wutarsa tana da wuyar kashewa.

Saboda haka shiri yana farawa ne tun daga gida, da lissafin batira. Abin da ya fi dacewa shi ne kowace na'urar da ake cire wa batir ta kasance tana da saiti biyu, ɗaya a cikinta ɗaya a kan caja, ta yadda idan an fito daga ruwa musanya kawai za a yi. A rubuta lamba a jikin kowane batir da alƙalamin da ba ya gogewa, kuma batiran da ke aiki tare, kamar guda huɗu na AA da ake sa wa fitilar kyamara, a ba su lamba ɗaya, kada a cuɗa sabo da tsoho. A tanadi ƙananan jakunkuna biyu masu launi daban, ɗaya ta cikakku ɗaya ta waɗanda suka ƙare, domin da asuba, kafin ido ya gama washewa, ba kowa ne zai tuna wanda ya caja jiya ba.

Sai kuma dokar jirgin sama, wadda ba ta da sassauci. Batiran lithiyom da ba sa cikin na'ura, har da fawa bank, ba a sa su a akwatin da za a auna a tura cikin jirgi. A jakar hannu ake ɗaukar su, kowanne a cikin robarsa ko an liƙe bakinsa da salatif don kada ya taɓa makulli ko tsabar kuɗi ya haɗa wuta. Wanda ƙarfinsa bai wuce Wh 100 ba (Wh ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauka ne) yana wucewa ba tare da neman izini ba, daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfanin jirgi kuma guda biyu kawai, abin da ya haura 160 kuwa ba a ɗaukarsa a jirgin fasinja. Idan ba a rubuta Wh a jikin batir ba, a ninka adadin mAh da na V da ke rubuce a jikinsa sannan a raba da 1,000. Fawa bank mai mAh 20,000 a kan V 3.7 yana ba da Wh 74, ke nan ya tsallake. Tocilar nutso kuma a cire mata batir kafin a sa ta a jaka, domin an ƙera ta ne ruwa ya riƙa sanyaya ta, idan ta kunnu da kanta a cikin kaya za ta iya yin zafin da zai ƙona tufafi. Gidan kyamara ma, wato akwatin da ke kare ta daga ruwa, kada a rufe shi gam a cikin jirgin sama, don sauyin matsin iska yakan sa ya ƙi buɗuwa bayan an sauka.

Batun soket gajere ne. Filogi mai baki uku da aka saba da shi a Najeriya ba ya shiga soket ɗin Masar mai ramuka biyu zagayayyu, don haka a tafi da adafta. Wutar Masar V 220 ce, kusan daidai da ta gida, amma wanda zai je Meziko ko Amurka zai tarar da 110 zuwa 127, sai ya duba ko an rubuta 100–240V a jikin cajarsa. Caja ɗaya mai kyau mai ramukan USB huɗu ko biyar ta fi tarin ƙananan caja amfani, tun da teburin caji na kowa da kowa ne. A liƙa salatif mai launi a kan kowace wayar caji, in ba haka ba kafin kwana uku an rasa ta wane ce ta wane. Wayar cajin kwamfutar nutso ita ce ta fi cancantar kulawa, domin galibi kowane kamfani da irin tasa, kuma ba a tsakiyar teku ake samun madadinta ba.

Kwamfutar nutso ta bambanta da sauran kayan, domin kyamara idan ta mutu hoto kawai aka rasa, ita kuwa wannan ita ce ke lissafa yawan iskar naitirojin da ta taru a jikin mai nutso daga nutso zuwa nutso. Idan ta mutu a tsakiyar tafiya, ba a ɗauko wata sabuwa a ci gaba kamar ba abin da ya faru, saboda sabuwar ba ta san abin da jiki ya riga ya ɗauka ba. Shawarar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce a dakata aƙalla awa 24 kafin a koma ruwa. Masu taka tsantsan sukan ɗaura kwamfuta biyu tun daga nutson farko. Idan kwamfutar mai batirin canji ce, a sa mata sabo kafin tafiya, tare da sabon zoben robar murfin da ke hana ruwa shiga. Idan mai caji ce, a duba ta kowace safiya kafin a sa rigar nutso.

Gishiri shi ne babban abokin gaba. Da zarar an fito, a jiƙa kyamara da tocila da kwamfuta a cikin bahon ruwan daɗi, a danna maɓallan kyamara a ƙarƙashin ruwan don gishirin da ya maƙale ya fita, sannan a goge su sarai kafin a buɗe komai. Ba a taɓa jona caja a bakin da ke da danshi, domin ruwan gishiri da wuta suna cinye ƙarfen cikin ɗan lokaci. Buɗe gidan kyamara kuwa a yi shi a ɗaki mai sanyi da busasshiyar iska, bakin yana kallon ƙasa, da busasshen hannu. Kafin a rufe, a ciro zoben roba a duba shi a haske, a shafa masa man silikon ɗan kaɗan. A zurfin mita 30 matsin da ke kan gidan ya ninka na saman ruwa sau huɗu, kuma silin gashi ɗaya da ya gitta kan zoben ya isa ya buɗe wa ruwa hanya.

A lokacin caji a ɗora batira a kan abu mai tauri, ba a kan katifa ko tawul ba, kuma nesa da hasken rana. Batirin da ya kumbura, ko ya yi tsatsa, ko fatarsa ta yage, ko ruwan teku ya taɓa shi, ko ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, a cire shi nan take a sanar da ma'aikatan jirgi, kada a jefa shi a kwandon shara. Bayan an dawo gida a cire batira daga dukkan na'urori, a ajiye na lithiyom da kusan rabin caji a wuri mai sanyi, domin barinsu a cike maƙil ko a ƙare ƙarƙaf na tsawon watanni, musamman a zafin bazara, yana rage musu kwana.