Yadda ake auna nisan jirgi daga Kano zuwa Jidda

Ka fara da lambar filin jirgi, ba sunan gari ba. Filin Malam Aminu Kano lambarsa KAN, filin Sarki Abdul'aziz na Jidda kuma JED. Wanda zai sauka Madina, MED ke nan, kuma ta fi Jidda nisa daga Kano da kimanin kilomita 140.

Sai ka nemo inda kowane fili yake a doron ƙasa. Kano tana kan digiri 12.05 arewa, 8.52 gabas. Jidda tana kan 21.68 arewa, 39.16 gabas. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe: idan ka ga 12°03′, wannan 03 minti ne, sai an raba shi da 60 ya zama 0.05. Rubuta 12.03 kuskure ne. Filin da ke yamma da layin Girinwic, kamar na Dakar, ko kudu da ikwaita, alamar ragi ake sa masa.

Yanzu ɗauko kalkuleta, ka tabbata tana kan digiri, domin in tana kan radiyan amsar shirme za ta fito. Da maɓallan sin da cos na kalkuletar za ka yi aiki. Ninka sin 12.05 da sin 21.68, za ka samu 0.0771. Ninka cos 12.05 da cos 21.68 da cos na tazarar gabas ɗin, wato 30.64 (39.16 a cire 8.52), za ka samu 0.7819. Haɗa su, 0.8590. Danna cos⁻¹, ya ba ka kusan digiri 30.8. Kowane digiri ɗaya kilomita 111.2 ne, ke nan nisan ya kama kimanin kilomita 3,420.

Kula da irin mil ɗin da aka rubuta maka. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, na teku, wanda matuƙa jirgi ke aiki da shi, 1.852. Nisan nan mil 2,130 ne na ƙasa, amma 1,850 na teku.

Wannan adadi shi ne mafi gajartar hanya, kuma da wuya jirgi ya bi ta sak. Layin ya ratsa kudu maso gabashin Nijar da Chadi da Sudan kafin Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jirage suka riƙa zagaye.

Don ƙiyasin lokaci, raba nisan da 850, kilomitocin da babban jirgin fasinja ke ci a awa, ka ƙara rabin awa na tashi da sauka. Awa huɗu da rabi ke nan in hanya a buɗe take. Mai yada zango a Addis Ababa kuwa, ya auna kowane zango daban: Kano zuwa Addis kusan 3,330, Addis zuwa Jidda kusan 1,410, jimilla 4,740, ban da zaman jiran jirgi na biyu.