Yadda za ka gane inda haɗin amoniya zai karkata in an taɓa zafi ko matsi

Wannan tambayar tana yawan fitowa a kemistirin WAEC da JAMB, kuma galibi haddar amsar kawai ake yi, da an ɗan juya ta sai a ruɗe. Abu biyu kawai za ka duba.

Fara rubuta ikweshon ɗin, N2 + 3H2 ⇌ 2NH3, wato naitirojin da haidirojin suna haɗuwa su ba da amoniya, ita kuma tana iya rabewa ta koma su, sai ka ƙirga mol na gas: hagu 4, dama 2. Ƙa'idar Le Chatelier cewa ta yi duk abin da ka ɗora wa haɗin da ya riga ya daidaita, zai karkata ne ta inda zai rage shi. Toh ka matse shi, sai ya gudu ɓangaren da bai cin wuri, wato dama, amoniya ta ƙaru. Shi ya sa masana'antu ke aiki da matsi wajen atmosfiya 200. Me ya hana su zarce haka sosai? Kuɗi, malam, ga bututu mai kaurin da zai jure matsin, ga wutar lantarkin da kwamfaresa, injin matse gas, ke sha, ga haɗarin fashewa.

Sai ka duba ΔH, wato zafin da haɗin ke fitarwa ko shanyewa. A nan -92 kJ ne, wato zafi ake fitarwa in amoniya na haɗuwa, ka ƙara zafi haɗin ya ja baya don ya shanye shi, amoniya ta ragu. Kenan sanyi ya fi? A takarda dai haka ne. Amma naitirojin taurin kai gare shi, ɗauri uku ne ke riƙe da atom biyunsa, a sanyi sai ka tsufa kana jira ba abin da ya motsa. Dole aka tsaya tsaka-tsaki, digiri 400 zuwa 450 na Celsius, aka sa katalis na ƙarfe, wato abin da ke hanzarta haɗin.

A nan da yawa ke zubar da maki. Katalis bai karkata daidaito ko kaɗan, tafiya da dawowar duka yake hanzartawa, kar ka kuskura ka rubuta wai yana ƙara yawan amoniya.

Duk da wannan wahalar wajen kashi 15 cikin 100 kawai ke zama amoniya a zagaye ɗaya, sai a sanyaya gas ɗin amoniyar ta zama ruwa a janye ta, ragowar naitirojin da haidirojin a mayar da su tukunya su sake zagawa. Dabarar masanin kemistiri Fritz Haber ce, Carl Bosch ya kai ta masana'anta a Oppau ta Jamus a 1913, kuma da irin wannan amoniyar ake yin takin yuriya a kamfanin Dangote na Lekki.