Babi na 4: Hanyar Tare Gobarar Daji

Darasi na 1

Mu karanta a hankali: go-ba-ra. Wanda bai gane ba ya ɗaga hannu, babu kunya a karatu.

A watan Fabrairun 2024 turken lantarki ya karye a jihar Texas ta Amurka, wuta ta kama busasshiyar ciyawa, iska ta kwashe ta. Ta cinye filin kiwo sama da eka miliyan 1, dubban shanu suka mutu. Mu ma muna da busasshiyar ciyawa, ga iskar hunturu, ga yara masu ƙona daji don kamun gafiya.

Maganin gobarar daji shi ne hanyar tare wuta: fili ne da ake sharewa kewaye da garke, rumbu da tarin harawa, har ƙasa ta fito fes. Faɗinsa taku 20. Ku fara ta arewa maso gabas, don daga nan iskar hunturu take busowa. Ku nome ciyawar da fartanya.

To, ga inda kusan kowa yake kuskure. Ciyawar da kuka nome, ku kwashe ta. Kada a tara ta a bakin hanyar. Ku ɗaure dami-dami, ku kai wa dabbobi. Ciyawar da aka bari tsibi a gefe gada ce, a kanta wutar za ta haye. Mu sake faɗa tare: a nome, a kwashe. Madalla. Kuma dai: a kwashe!

Bara na zaga gonakin 'yan ajina, na tarar an yi sharar har da kyau, amma ga tsibin ciyawa jere a gefe kamar an ajiye wa wuta abinci. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Dattawa ne ku. Wanda bai kwashe ba, bai yi komai ba, wahala kawai ya sha.

Darasi na 2

A 2018 gobara ta shiga tashar binciken noma ta Hopland a jihar Kalifoniya ta Amurka. Inda tumaki suka riga suka yi kiwo, wutar ba ta yi ƙarfi ba. Saboda haka ku kora dabbobinku su cinye ciyawar gefen hanyar tun kaka. Abin da suka rage, a kwashe.

Darasi na 3

Makiyayi ya rufe wutar shayinsa da ƙasa kafin ya tashi. Rubuta "gobara" sau biyar.