Kurakuran da aka fi yi wajen jera tarihin wasannin Zelda

Wanda ya jera wasannin bidiyo na The Legend of Zelda bisa shekarar fitowarsu ya ɓace tun daga bakin ƙofa. Wasan farko da Nintendo ta fitar a Japan a 1986 yana can kusa da ƙarshen labari. Skyward Sword na 2011, wanda ya zo bayan shekara 25, shi ne mafari: a cikinsa aka ƙera takobin Master Sword, kuma a ƙarshensa Demise, sarkin aljanu, ya yi la'anar da ta sa faɗan jarumi da mugu yake ta maimaituwa. Jerin da kamfanin ya amince da shi ya fara bayyana ne a littafin Hyrule Historia, a Disamban 2011. Gindinsa guda ne: Skyward Sword, sai The Minish Cap, sai Four Swords, sannan Ocarina of Time na 1998. Daga nan itacen ya yi rassa uku, kuma yawancin ruɗani daga wannan mararraba yake tasowa.

Kuskure mafi girma shi ne musanya reshen yaro da reshen babba. A Ocarina of Time, Link, jarumin wasan, ya zare takobin Master Sword yana yaro, aka rufe shi shekara bakwai, ya farka saurayi ya kayar da mugu Ganondorf, wanda ya ƙwace mulkin masarautar Hyrule. Sai gimbiya Zelda ta mayar da shi ƙuruciyarsa. Mutane sukan ɗauka cewa komawar tasa ta shafe duniyar da ya baro. Ba ta shafe ta ba. Duniyar nan ta ci gaba ba tare da jaruminta ba, shi ya sa da Ganon (wani sunan Ganondorf) ya ɓalle daga ɗauri aka rasa mai tare shi, alloli suka nutsar da Hyrule cikin teku. Wannan shi ne reshen babba: The Wind Waker, Phantom Hourglass, sai Spirit Tracks bayan kimanin shekara 100 a wata sabuwar ƙasa. Shi kuwa Link ɗin da ya koma yaro, ya je ya tona asirin Ganondorf tun kafin ya aikata ɓarnar. Daga nan reshen yaro ya tsiro: Majora's Mask, Twilight Princess, sai Four Swords Adventures. Hanya mai sauƙi ta tantancewa tsakanin waɗannan rassa biyu ita ce tambaya ɗaya: shin Ganondorf ya taɓa mulkin Hyrule na shekara bakwai a wannan duniyar? In ya yi, kana reshen babba. In kama shi aka yi, aka kai shi kurkukun Arbiter's Grounds domin kisa, takobin masu kisan ya kasa gamawa da shi har aka wurga shi duniyar Twilight, to kana reshen yaro.

Reshe na uku shi ne wanda ya fi jawo gardama, kuma da dalili. Nan an ƙaddara cewa Ganon ya kayar da Link a karon ƙarshe na Ocarina of Time. Masu wasa da yawa sukan ɓata lokaci suna neman wannan ƙarshen a cikin wasan. Babu shi, ba wani maɓalli ko ɓoyayyen ɗaki da zai nuna maka shi. A littafin Hyrule Historia aka fara faɗarsa. A ganina dabara ce ta samar wa tsofaffin wasanni masauki, domin ba su dace da sauran rassa biyun ba. A nan aka zuba A Link to the Past na 1991, Link's Awakening, wasannin Oracle guda biyu, A Link Between Worlds, Tri Force Heroes, sannan wasan 1986 da Zelda II a can ƙarshe. Echoes of Wisdom na 2024 ma nan Nintendo ta ajiye shi, kafin wasan 1986.

A kula da tsohon jadawali. Hyrule Historia ya sa wasannin Oracle kafin Link's Awakening, amma kundin Encyclopedia da ya fito a Japan a 2017 ya juya su, Link's Awakening ya koma gaba. In ka ga mutum biyu suna musu a kan wannan, yawanci kowa da littafin da yake riƙe da shi ne.

Sai batun suna. Link ba mutum ɗaya ba ne da ya rayu dubban shekaru. Jarumai ne daban-daban masu ruhi ɗaya, kuma kaɗan ne suka fito a wasa fiye da ɗaya: na Ocarina of Time shi ne na Majora's Mask, na The Wind Waker shi ne na Phantom Hourglass, na 1986 shi ne na Zelda II, na Breath of the Wild shi ne na Tears of the Kingdom. Fatalwar mayaƙin nan mai koya wa Link dabarun takobi a Twilight Princess, shi ne Link na Ocarina bayan mutuwarsa. Gimbiyoyi masu suna Zelda ma haka, har ma wadda ke barci a Zelda II ba ita ce aka ceto a wasan farko ba. Ganondorf ne ya saɓa: na Ocarina of Time, na The Wind Waker da na Twilight Princess mutum ɗaya ne da ƙaddara ta raba wa hanya. Na Four Swords Adventures kuwa sake haihuwarsa aka yi.

Suna linzami ne, in ji Hausawa, amma a nan yana jan mutum zuwa rami. Rauru na Ocarina of Time dattijo ne mai tsaron haske. Rauru na Tears of the Kingdom ɗan ƙabilar Zonai ne da ya kafa sarauta tare da matarsa Sonia. A Zelda II ma akwai gari mai wannan suna. Haka yaƙin ɗaure Ganon da aka ambata a A Link to the Past da wanda aka nuna a Tears of the Kingdom, suna ɗaya suke da shi amma labarinsu bai zo ɗaya ba. Kada a haɗa abu biyu don kawai sunansu ya yi daidai. A duba waɗanda suka halarta, da makamin da aka yi amfani da shi, da yadda aka ƙare.

Wannan ya kawo mu ga Breath of the Wild na 2017 da Tears of the Kingdom na 2023, waɗanda ake ta ƙoƙarin cusawa cikin reshe ɗaya da ƙarfin tsiya. Nintendo ba ta ɗaura su a kan kowane reshe ba, a gefe ta ajiye su. Hujjojin da ke cikinsu ma cin karo suke yi da juna. A The Wind Waker, mutanen Rito masu fukafukai daga Zora, mutanen ruwa, suka samo asali, amma a Breath of the Wild ga Rito ga Zora suna zaune a zamani ɗaya. Addu'ar da Zelda ta karanta wajen naɗa Link ta taɓo sama da zamani da magariba, wanda ke nuni ga reshen yaro, alhali sunayen wurare a taswirar sun kwaso daga dukkan rassan. Abin da wasan ya tabbatar shi ne adadi biyu: an taɓa danne Calamity Ganon, siffar Ganon a Breath of the Wild, shekara 10,000 da suka wuce, sannan Link ya yi barcin shekara 100 bayan faɗuwar masarautar. Tazarar ta isa ta mayar da duk tsofaffin wasannin tatsuniya. Kayan sawa irin su hular Link na Wind Waker da ake samu ta amiibo (ƙananan mutum-mutumin Nintendo da ake haɗawa da wasa) kuwa kyauta ce ga masoya, ba shaidar tarihi ba.

Akwai kuma waɗanda ba sa cikin lissafi ko kaɗan. Hyrule Warriors na 2014 yana waje, haka wasannin na'urar CD-i ta Philips. Age of Calamity na 2020 ya fi yaudara, domin an tallata shi a matsayin labarin shekara 100 kafin Breath of the Wild, amma tun a farkonsa ɗan ƙaramin mutum-mutumin nan Terrako ya koma baya ya sauya abin da ya faru, jaruman da ya kamata su mutu suka tsira. Mai son ainihin abin da ya auku a wancan yaƙin sai ya koma ga tunane-tunanen da Link yake tattarowa a cikin Breath of the Wild kansa.