Kamfanin ma'adinai na tahe garinku: ina za ku samo kuɗɗin shiga binciken muhalli?

Salamu alaikum jama'ar Adar da Azawak. Maganar ga ta waɗanda sunka fara ganin motocin masu bincike bisa gonakinsu ko wajen kiwonsu ce, ko kwal ne irin na Salkadamna, ko dutsen siminti irin na Malbaza, ko wani abu sabo. Kahin kamfani shi haƙa, sai an binciki illar da aikin zai yi ma ƙasa da ruwa da mutane, shi ne ƴan biro ke ce ma EIES. Dokar ita ce 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 da dikirenta 2019-027, kuma BNEE, hukumar ƙasa mai tantance binciken muhalli can Yamai, ita ke bin dosiye har minista shi sa hannu ga satifika ta amincewa da binciken. Doka ta ce a ji ta bakin jama'a, to amma hwaɗin albarkacin baki ma kuɗɗi gare shi. Kamfani na da injiniyoyi da lauya da mota, ku kuna da mai gari da liman da rapor mai ɗaruruwan shahi cikin Faransanci.

Can Kanada tuni sunka gane da haka. Hukumarsu mai duba illar manyan ayyuka, ƙarƙashin dokar 2019, tana da asusu na musamman da ƴan asalin ƙasa, su Inuwit da sauransu, ke cike takarda a ba su kuɗɗi su ɗauki nasu masani, su yi nasu taro, su rubuta nasu amsa. Mu nan sai mun tattaro daga ƙohohi da dama, kuma wanda ya makara ba shi samun komi.

Lokacin shi ne abu na farko. Aiki na farawa da takardar sanarwa da kamfani ke kai ma BNEE, sannan a rubuta TDR, wato jerin abubuwan da ofishin binciken da kamfani ya ɗauka zai duba. Nan ne wurin. Duk abin da bai shiga TDR ba, wahalar shigar da shi daga baya sai wanda ya gwada. In kun ji ƙishin-ƙishin, ku tahi mairi da ofishin muhalli na departama ku tambaya a rubuce ina dosiye ya kai, ku aje kwafi mai tampon, kuma ku nemi a sa rijiyoyinku da burtali da maƙabarta da tabkunan damina cikin TDR da sunayensu.

Sai kwamiti. Ba na mutum ukku ƴan ɗaki guda ba don Allah. A sa manoma, a sa makiyaya Abzinawa da Fulani da Larabawa in akwai su, a sa mata biyu ko ukku da ke iya magana gaban maza, da samari masu karatu. Masu ba da tallahi ba su zuba kuɗɗi ga aljihun mutum, sai ƙungiya mai takardun hukuma da kwant na banki, in ba ku da su ku raɓa ga wadda ke da su, kamar AREN ta makiyaya ko ROTAB da ta daɗe tana bin kuɗɗin ma'adinai, ku rubuta tsakaninku wa ke riƙe mi.

Yanzu kasafin. Kuskuren da na fi gani shi ne a cika shi da fardiyam da lemu da banderol, alhali abin da zai tsaya muku gobe daban ne. Babban kaso shi tahi ga masani naku na kanku wanda zai karanta rapor, musamman sashen ruwa: daga wane zurhi kamfani zai jawo, nawa a rana, ina zai zubda dattin, iska ina take kai ƙura lokacin hunturu. Ku nemi malamin ilimin ruwa ko na ƙasa a jami'ar Abdou Moumouni ko jami'ar Djibo Hamani nan Tawa, kuma ku tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa yi ma kamfanin aiki ko ofishin da ya rubuta rapor ɗin, ƙasar ƙarama ce kowa ya san kowa. Akwai kuma jagorar da ƙungiyar lauyoyin muhalli ELAW ta hitar a 2010 kan yadda ake karanta irin wanga rapor na ma'adinai, tana nan da Faransanci kyauta bisa intanet, ɗalibi mai natsuwa zai ci moriyarta.

Na biyu cikin kasafin, awon ruwa tun kahin a sari ƙasa. Wanga shi ne na fi matsa ma mutane. Arlit, kamfanin SOMAIR ya fara hidda uraniyom a 1971, sai a 2003 ƙungiyar garin, Aghir In'Man, ta samu ta gayyato ƴan ɗakin awo na CRIIRAD daga Faransa sunka ɗebi ruwa da ƙarahunan da ake saidawa kasuwa, sunka nuna akwai matsala, shekara talatin da wani abu bayan fara aiki ke nan, kuma gardamar yaya ruwan yake tun asali ta fi wuya bayan tsawon lokaci haka. Ku ku auna naku yanzu. A ɗebi na manyan rijiyoyi da fanfuna, sau guda da rani sau guda bayan damina, a kai ɗakin awo da hukuma ta sani irin LANSPEX a Yamai, a gaban wakilin mairi da na ofishin ruwa don kar gobe a ce ku kunka zuba wani abu cikin kwalba. A auna zurhin ruwan da igiya a rubuta rana. Ku tambayi farashi da kanku kahin ku rubuta adadi.

Sannan taswira. Waya mai GPS ta isa, samari su bi kowace rijiya da mashaya da hanyar dabbobi su ɗauki hoto. Ku kai ma Cofo, kwamitin hukuma mai kula da hilaye, ta gari ko ta komin, a ba manoma takardar shaidar gado. Makiyaya su riƙe dokar kiwo 2010-029 da kyau, ita ta tabbatar da ƴancin yawon kiwo, kuma Code rural na 1993, wato dokar karkara, ya san da haƙƙin fifiko na makiyayi bisa mazauninshi na asali. Wanda ba shi da takarda sau da yawa hili mara mai shi ake rubuta wurinshi.

Sauran kasafin esansi ne, da tafinta, da rediyon gari, da kuɗɗin motar wakilai zuwa Yamai ranar atiliye na tantance rapor.

To ina kuɗɗin? Ƙofa ta farko kamfanin ne da kanshi, tunda dama kuɗɗin binciken bisa wuyan mai aikin suke. Ba roƙo ba ne ku ce a sa jigilar mutane da fassara da masaninku cikin kasafin tuntuɓar jama'a. Amma hannun da ya karɓa ba shi iya nuni, shi ya sa sai da sharaɗi a rubuce: ku ke zaɓen masani, rahotonshi gare ku zai zo, kuɗɗin su bi ta kwant na ƙungiya, kuma a rubuta ɓaro-ɓaro cewa karɓarsu ba amincewa da aikin ba ne. Anbulof cikin dare gidan mai gari ba shi cikin wanga lissahi.

Ku bincika kuma wa ke ba kamfanin bashi. In IFC ce, reshen Bankin Duniya mai ba kamfanoni bashi, ko banki mai bin ƙa'idojinta, ƙa'ida ta 7 ta yi magana kan ƴan asalin wuri, har da neman yardarsu tun da wuri in za a taɓa ƙasar da suke rayuwa bisanta, kuma IFC na da ofishin koke mai suna CAO da ba a biyan ko dala. Hukumar haƙƙin ɗan Adam ta Afirka a rahotonta na 2003 ta ambaci Abzinawa da Fulani Bororo cikin irin waɗanga al'ummomi, ku sa wannan cikin wasiƙarku.

Mairi ma ƙofa ce. Tun gyaran dokar ma'adinai na 2006 anka ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗɗin shigar ma'adinai ga komin-komin na jihar da ake haƙa, duk da ba kullum suke saukowa kan lokaci ba. Ko ba su ba da kuɗɗi ba, su ba da zauren taro da mota. Daga waje akwai ƙananan tallahi na asusun muhalli na duniya, PMF/FEM da ke bi ta PNUD, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, da Global Greengrants, sai dai suna ɗaukar watanni, shi ya sa na ce tun farkon ƙishin-ƙishin. Kahin su zo ku yi karo-karo, ƴan gari da ke Abijan da Libiya da Legas su turo abin da ya sawwaƙa, awon ruwa na farko da shi ya kamata a yi, a karanta lissahi bayan sallar Juma'a kowa shi ji.

Ranar babban taron jin ta bakin jama'a, ku lura da watan da za a yi shi. In anka sa shi tsakiyar damina, manomi na gona, makiyayi ya yi arewa wajen gishirin Ingal, zaure zai cika da waɗanda abin bai shafa ba, ku rubuta ma purefe ku nemi a ɗaga ko a ƙara zama a mashaya da ranar kasuwa irin ta Abalak. Takardar sunaye da ake zagayawa da ita, ku duba kanta kahin ku dangwala, shaidar halarta ce ko ta amincewa. A karanta PV, wato rahoton abin da anka hwaɗi wurin taro, da ƙarhi cikin Hausa da Tamajak kahin a tashi, ku ɗauki hotonshi, ku miƙa amsar masaninku a rubuce a buga muku tampon. Kuma ku rage wani abu cikin asusu don bayan satifika, saboda alƙawuran kamfani duka cikin PGES suke, wato tsarin kula da muhalli da jama'a, ku nemi kwafinshi, kuma a sake awon rijiyoyin nan kowace shekara a wata guda da na farko.