Gini da allo suna magana: kurakuran da aka fi yi a Zariya da yadda ake gyara su

Kafin mai gida ya fito amsa sallama, ƙofar gidansa ta riga ta gaya wa baƙo inda zai tsaya da inda idonsa ba shi da iznin kaiwa. Haka allon shago yake gaya wa mai wucewa ko wurin irin nasa ne, tun bai gama karanta rubutun ba. Yawancin kurakuran da ake gani a sababbin gine-gine da alluna, daga cikin Birni zuwa Samaru, tushensu biyu ne. Ko dai an ɗauko alama an bar aikin da take yi, ko kuma an yanke shawara a gaban kwamfuta ba tare da an je an tsaya inda mai kallo zai tsaya ba.

Jefar da zaure

Wannan ne babba, kuma shi ya fi wuyar gyara bayan an zuba linta. A tsohon gidan Zazzau mutum yana shiga zaure, ya fita filin ƙofar gida, ya ratsa shigifa, sannan cikin gida. Ba a taɓa jera ƙofofin nan a layi ɗaya. Kowace an kautar da ita gefe, don haka wanda ke zaune a zaure ba ya hango tsakar gida ko da duk ƙofofin a buɗe suke. Kowane mataki kuma yana da ma'anarsa: almajiri da mai talla iyakarsu bakin zaure, abokin mai gida ya zauna ciki, suruki ko ɗan uwa ya ƙarasa shigifa.

Yanzu sai a ɗauko taswirar gida daga intanet, wadda aka zana wa wata irin rayuwa dabam: get, ƙofar falo, hanyar ɗakuna, duk a miƙe. Da zarar an buɗe get don mota ta shiga, wanda ke kan titi ya ga har bakin kicin. Daga nan matan gida su koma rayuwa a bayan labule, a rufe tagogi, gida ya yi duhu da zafi.

Gyaran ba ya buƙatar babban fili. Ko a fuloti mai ƙafa 50 sau 50 ana iya ba falon baƙi ƙofarsa ta waje da banɗakinsa, ƙofar iyali kuma ta koma gefe. In gini ya riga ya tashi, a yi katangar kariya a gaban ƙofar iyali: tsayi ƙafa 7, tazara ƙafa 4 zuwa 5 daga ƙofar, faɗinta ya zarce na ƙofar da ƙafa 2 ta kowane gefe. A saka bulo mai huda a layuka biyu na sama don iska. Gwajin mai sauƙi ne: tun ana kafa igiyar harsashi, mutum ɗaya ya tsaya a bakin get, wani ya zaga inda mata za su riƙa zama da girki. Duk inda suka haɗa ido, akwai sauran aiki.

Akwai wani abu da ake mancewa a nan. Alƙibla daga Zariya ba gabas sak take ba, ta karkata arewa da kusan digiri 23. Wanda ya daidaita banɗaki ko masallacin gida da fitowar rana kawai zai iya kuskurewa, domin ita kanta mafitar rana tana sauyawa tsakanin damina da hunturu.

Gilashi mai cewa "zamani"

Mutane da yawa suna karanta faffaɗan gilashi mai sheƙi a matsayin alamar wadata. Matsalar ita ce Zariya tana wajen digiri 11 arewa da tsakiyar duniya. Rana tana bi ta tsakar ka sau biyu a shekara, a Afrilu da Agusta, kuma bangon gabas da na yamma su ke shan dukanta. Falon da aka yi wa gilashi ta yamma, daga la'asar a watan Maris da Afrilu ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, ga halin da wutar lantarki take ciki. A sa dogayen ɓangarorin gida su fuskanci kudu da arewa, manyan tagogi su tafi can, a yi musu rumfar kankare mai fitowa ƙafa 2 zuwa 3. Ta yamma a bar ƙananan tagogi, ko a jera sito da banɗaki su tare zafin. Kwano mai duhu, baƙi ko ruwan ƙasa, yana da kwarjini a ido amma ya fi mai haske tara zafi a cikin silin.

Gilashi mai kama da madubi kuma yana yaudara. Da rana na waje ba ya ganin ciki, saboda hasken waje ya fi yawa. Da dare, an kunna fitila, lamarin ya juya: na titi yana kallon ɗaki tas, na ciki kuwa fuskarsa kawai yake gani. Ba ya maye gurbin labule. A bene kuma, tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci a ɗaga ƙasanta zuwa ƙafa 5 da rabi daga daɓe, ko a sa gilashi mai hazo. Rigimar maƙwabta da yawa daga taga take farawa.

Zanko, rawani da dagi

Sha'awar dawo da fasalin gargajiya abin yabo ce, kuma Zariya ba ta rasa inda za a koya ba. Ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, da bakan gizonsa na ƙasa da azara, ko da yake wani ɓangarensa ya rushe a 2023. Ga ƙofar fada. Ga tsohon cocin Wusasa da aka yi da ginin ƙasa irin na Hausa. Abin da ke lalata aikin shi ne kwaikwayon siffa kawai.

Zanko, wato tsinin da ke tasowa a saman gini, a ginin ƙasa yana zama ne a kusurwa da saman ƙofa, inda ruwa ya fi ci, kuma yana nuna wa mai zuwa daga nesa inda mashiga take. Idan aka jera shi kowace ƙafa 3 a kan katanga, ya daina nuna komai. Ta fuskar aiki kuma, birkila yakan sassaƙa bulo ya manna da siminti a saman rawani, wato gajeren bangon da ke ɓoye rufi, damina biyu ya tsage daga gindi. A dasa rodi mai milimita 10 tun daga kankaren sama, a yi masa katako a zuba shi.

Rawani shi ma haka. Magabata suna fitar da ruwa ta indararo mai tsawo, ya zubar nesa da bango. Yau ana ɓoye kwano a bayan rawani, a yi siririyar kwata, a sa bututu ɗaya ko biyu. Ƙurar hunturu da leda su toshe shi, ruwan Agusta ya taru ya koma silin. Kwatar ta kai faɗin ƙafa 1 da rabi, da gangara zuwa mafita, bututu mai inci 4, da ƙarin huda a sama kaɗan wadda za ta zubar waje in na ƙasa ya toshe. A share ta kafin ruwan farko.

Mai tsohon gidan ƙasa kuma ya yi hattara da shafen siminti. Tubali yana shan laima yana fitar da ita, siminti kuwa yana tsare ta a ciki, har wata rana shafen ya ɓallo da ɓangaren bango. Makuba da ake yi da ɓawon ɗorawa, ko yaɓen ƙasa da ake sabuntawa, sun fi dacewa, musamman a bangon gabas da hadari yake duka.

Dagi da sauran zane asalinsu a fuskar zaure suke, kewaye da ƙofa. In aka watsa su a get da tayil da silin da kujeru, ido ya gaji, darajar ta tafi. Wuri ɗaya, a yi shi da kyau. Darasin da ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 suka bari ke nan, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo: a fahimci abin gida sosai kafin a haɗa shi da na waje.

Launi

Ana zaɓar fenti a kan waya ko ɗan katin shago, alhali rana da jar ƙura su ne alƙalai. A shafa murabba'in ƙafa 3 a ainihin bangon, a duba shi da safe, da azahar, da yamma. Fari yana komawa ja-ja daga ƙasa saboda fantsamar ruwa, don haka ƙafa 2 zuwa 3 na ƙasa a ba su launi mai duhu. Ja mai haske yana saurin koɗewa. A kuma lura da haɗin launukan da jama'a suka riga suka ba wata jam'iyya ko ƙungiya, kada shago ya ɗauki tutar da mai shi bai yi niyya ba.

Allon shago da abin da ake turawa a waya

Garin da aka kafa kamfanin Gaskiya a 1945 bai kamata a same shi da allo mai gurguwar Hausa ba, amma ga su nan birjik a Tudun Wada da Sabon Gari. Salon rubutu da yawa a kwamfuta ba su da ɓ, ɗ, ƙ, sai injin bugawa ya fitar da ɗan akwati ko ya sauya harafin, "ɗakin baƙi" ya zama "dakin baki". A yi amfani da salo irin su Noto Sans ko Andika, a mayar da rubutun ya zama zane kafin a kai wurin bugawa. Ajami da Larabci sun fi shan wahala: wasu manhajoji suna tsinka haruffan ko su jera su daga hagu. A ba wanda ya iya ya karanta samfurin da aka buga a takarda. Aya kuwa kada a sa ta a takardar talla ko ledar kaya da za ta ƙare a bola.

Girman harafi yana da lissafi: inci 1 ga kowace ƙafa 10 ta nisa. Allon da ake so a karanta daga tsallaken titi, ƙafa 60, yana buƙatar harafi mai inci 6. Wanda ke kan babur ko a Keke Napep daƙiƙu kaɗan gare shi, don haka kalma shida zuwa bakwai sun isa: suna, sana'a, lambar waya ɗaya. Jerin kaya ashirin wurinsa jikin ƙofa. Baƙi a kan rawaya ko fari a kan shuɗi mai duhu suna fitowa, ja a kan kore kuwa yana dishewa, ga kuma masu matsalar bambance waɗannan launuka biyu.

Launin da ke walƙiya a waya yakan fito a dushe a kan ƙyallen talla da aka buga, saboda waya da haske take aiki, inji da tawada. A nemi gwajin ɗan yanki kafin a buga duka. Hoton da aka tura ta WhatsApp kai tsaye ana matse shi, sai a tura shi a matsayin fayil.

Masu tallan ɗakunan haya na ɗalibai a Samaru da Kongo suna da nasu kuskuren: ɗaukar hoto da faffaɗan idon kyamara, mai 0.5, har ɗaki mai ƙafa 10 sau 10 ya zama kamar falo. Mai nema ya zo ya ga ba haka ba, ya daina yarda da sauran bayanan, har da na ruwa da wuta. A bar kyamara a kan 1, a riƙe waya a miƙe daidai ƙirji, a tsaya a bakin ƙofa da rana, a rubuta awon ɗakin a ƙasan hoton.